Wai da gaske ma'aikatan jirgi na gane ƙasar fasinja daga halinsa tun kafin su ga fasfo?

Abu_Hanifa_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san akwai ma'aikatan cikin jirgi a nan, akwai kuma 'yan kasuwar da kullum suna sama. Ana yawan cewa mai aikin jirgi idan ya kwana biyu a aikin, yana iya faɗin ƙasar da fasinja ya fito daga yadda ya shigo, yadda ya zauna, da yadda yake kiran ma'aikata. Shin da gaske kowace ƙasa da nata halin a cikin jirgi, ko kuɗin goro ake yi wa mutane? Kuma mu a ina aka ajiye mu? A faɗa mana ko da ɗaci.

Ummin_Sama: Wa alaikumus salam Malam Abu. Ni aikina ke nan, a wani kamfani na yankin Gulf. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin kafin kowace tafiya sai mun zauna shugabar ma'aikata ta tuna mana abin da za mu tarar a wannan hanyar.

Idan Tokyo za mu, jirgin shiru yake. Mutum zai gama cin abinci ya haɗa kwanukan wuri guda, ya naɗe bargo kafin ya sauka. Wahalarsu ita ce ba sa faɗa miki idan wani abu ya ɓata musu rai. Talabijin ɗin kujerar mutum za ta mutu tun daga tashi, ba zai danna ƙararrawa ba, sai daga baya ki ji ya rubuta wa kamfani ƙorafi. Dole ki riƙa karanta fuska.

Hanyar Guangzhou kuwa ruwan zafi ne aikin. Kowa da ɗan flas ɗinsa, ki cika wannan, wancan ya miƙo. Hanyar Mumbai da Delhi abinci na musamman ne ke cinye mana lokaci, saboda yawan waɗanda ba sa cin nama, ga mabiya addinin Jain da ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci. Idan kika kuskure tiren mutum ɗaya, haka zai wuni bai ci komai ba, don haka sai kin bi suna da lambar kujera ɗaya bayan ɗaya. Amurkawa ƙanƙara suke so a cika musu kofi, kuma suna son hira, sai an tambaye ki daga ina kike.

Mu kuma, hanyar Legas, Abuja da Kano, kaya ne damuwarmu. Tun rabin fasinjoji ba su shigo ba ma'ajiyar sama ta cika. Amma ban taɓa ganin inda ake yi wa ma'aikaci addu'a kamar hanyarmu ba. Ki miƙa wa tsohuwa ruwa, ta bi ki da "Allah Ya yi miki albarka 'yar nan" har ki ƙule.

Dan_Kwari_Guangzhou: Maganar kaya gaskiya ce Anti, ba zan musa ba. Amma a duba dalili. Wanda ya je Sin saro kaya ba yawon buɗe ido ya je ba. Kowane kilo da ya ƙaru a awo kuɗi ne, kuma ribarsa ke nan ake yanka. Shi ya sa ake cusa abin da za a iya a jakar hannu.

Ummin_Sama: Na fahimta Alhaji. Sai dai jakar da ta fi ƙarfin mai ita, ni ake jira in ɗaga. Ciwon baya da na kafaɗa sun kwantar da abokan aikina da yawa. Kuma idan jirgi ya shiga gargada ma'ajiya ta buɗe, kan wani bawan Allah za ta faɗo.

Zainab_Lecturer: Ni dai ban yarda da wannan rabe-raben ba. Indiya mutum sama da biliyan ɗaya ne, a ce duk halinsu ɗaya? Injiniyan da ke zirga-zirga tsakanin Bangalore da Landan kowane wata, da lebura ɗan ƙauyen Bihar da zai shiga jirgi karon farko ya tafi aikin gini, fasfonsu ɗaya, amma me ya haɗa su a hali? Abin da ma'aikata ke gani hanya ce da irin mutanen da ke bin ta. Kuma irin wannan maganar ita ce ke sa a ga koren fasfo a canja fuska tun mutum bai buɗe baki ba.

Sadiq_Kabin: Malama Zainab, ni ma ma'aikacin jirgi ne, kuma rabin maganarki na yarda da ita. Turawan Ingila da nake ɗauka ranar Litinin da safe, masu zuwa taro, ba ka ko jin tarinsu. Su ɗin dai, a jirgin hutu na dare idan an sha giya tun a filin jirgi, sai ka gwammace ka ɗauki kowa ba su ba. Amma akwai abin da ba na hanya ba ne, na gida ne. Yadda ake kiran mutum misali. A Najeriya mutum zai yi maka "sss" ko ya ja maka hannun riga, a wurinsa ba komai ba ne. Abokiyar aikina 'yar Romaniya ranar farko da aka yi mata haka kuka ta yi a wurin haɗa abinci, ta ɗauka wulaƙanci ne. Ita kuma ta miƙa wa wani dattijo kofi da hagu, ya ƙi karɓa, ta rasa laifinta. Sai da na zaunar da ita na yi mata bayani.

Maman_Khalifa: To ni wannan "sss" ɗin ko a ƙasa ba na son sa. Mene ne wahalar "baiwar Allah" ko "don Allah"?

Bello_Sakkwato: Ku bar wannan, ku ba ni amsar tafi. Mun sauka Rum da wani jirgi, ƙafar jirgi na taɓa ƙasa sai mutane sunka ɗau tafi raf-raf. Mu da munka saba da "Alhamdulillahi" sai muka tsaya kallo. Wannan ba halin ƙasa ba ne?

Ummin_Sama: Shi ne, Malam Bello. Italiyawa na yi, 'yan Rasha da wasu ƙasashen gabashin Turai na yi, 'yan Latin Amurka na yi. A jirgin alhazai kabbara ce da hamdala. Duk abu guda ake faɗa, an sauka lafiya. Wannan ba ya damun kowa a cikinmu. Wanda ke damun mu shi ne na bayansa: jirgi na kan tafiya a titi, fitilar bel na kunne, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas ana kwancewa ana miƙewa. A nan kam mu da Masarawa da Indiyawa da 'yan Pakistan ba wanda zai yi wa wani gori.

Injiniya_Auwal: Wannan miƙewar ba ƙaramin haɗari ba ce. Jirgin da ke tafiya a ƙasa yana iya taka birki farat ɗaya idan wata mota ko wani jirgi ya gitta. Wanda ke tsaye da akwati a hannu, shi da na gabansa duk sun shiga uku.

Kuma tunda ana maganar ƙasashe, a tuna abin da ya faru a filin jirgin Haneda na Tokyo ranar 2 ga Janairun 2024. Jirgin Japan Airlines ƙirar Airbus A350 ya yi karo da ƙaramin jirgin masu tsaron gaɓar teku yana sauka, ya kama da wuta. Mutum 379 ne a ciki. Na'urar magana ta jirgin ta daina aiki, ma'aikata suka koma ɗaga murya da ƙaramar lasifikar hannu. Ƙofa uku kawai aka iya buɗewa cikin takwas. Duk da haka kowa ya fita da ransa, kuma abin da masana suka fi jinjinawa shi ne fasinjojin sun bar kayansu sun bi umarni. Jirgin ya ƙone ƙurmus. Mutum biyar da suka rasu a ɗaya jirgin suke.

Ku gwada da jirgin Emirates da ya taso daga jihar Kerala ta Indiya ya yi mummunar sauka a Dubai a watan Agustan 2016. Mutum 300 ne a ciki, su ma duk sun tsira, amma bidiyon da ya fita ya nuna hayaƙi na shigowa mutane na buɗe ma'ajiya suna jawo jakunkuna, ma'aikata na ta ihu a bar kaya. Ana gwada kowane sabon samfurin jirgi ne a kan cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi a rufe. Jaka ɗaya a tsakiyar hanya ta isa ta rushe wannan lissafin.

Zainab_Lecturer: Injiniya, ka ƙara da na Las Vegas mana. Watan Satumban 2015 injin jirgin British Airways da zai tafi Landan ya kama da wuta kafin tashi. Hotunan suna nan, Turawa ne riƙe da jakunkuna, wasu har da akwati mai taya, suna tafiya a kan titin jirgi. Me ya sa idan Ba'indiye ya yi sai a ce halin ƙasarsu ne, idan Bature ya yi sai a ce ruɗewa ce? Kuma mutumin Kerala da takardar izinin aikinsa da fasfonsa ke cikin wannan jakar, ya san idan suka ƙone rayuwar iyalinsa ce ta tsaya. Ban ce ya yi daidai ba.

Injiniya_Auwal: Na Las Vegas haka yake Malama. Amma har yanzu na Haneda na buƙatar bayani. Yaran Japan tun suna firamare ake yi musu atisayen girgizar ƙasa, ana koya musu fita a layi ba turereniya. Wannan tarbiyya ce ta ƙasa, kuma ta yi rana.

Sadiq_Kabin: Shawarar da nake ba kowa: fasfo, waya, kuɗi da magani su kasance a jikinka lokacin tashi da sauka, a aljihu ko ƙaramar jakar rataye. Sai ka ga babu abin da zai ja hankalinka zuwa sama.

Alhajin_Bita: Ni ba ma'aikacin jirgi ba ne, amma na daɗe ina raka maniyyata. Duk wanda ya yi aikin jigilar alhazai zai ce maka alhazan Indunusiya da Malesiya sun fita daban. Za ka gan su cikin kaya iri ɗaya, kowane rukuni da shugabansa, ba mai wuce wani. Mutanenmu kan ce ai su haka Allah Ya halicce su. A'a. A Indunusiya mutum kan yi rajista ya jira shekara ashirin ko fiye kafin layi ya zo kansa, duk da kujeru 221,000 da Saudiyya ke ba su. Kafin tafiya ana yi musu bita sau da yawa, kuma ba ɗawafi da jifa kaɗai ake koya musu ba, har yadda ake ɗaura bel da yadda ake amfani da banɗakin jirgi. Malesiya kuwa tun 1963 suke da Tabung Haji, asusun da mutum ke tara kuɗin Hajjinsa a hankali, hukumar na biye da shi tun daga ranar da ya fara zubi.

Mu fa? Manomi ya sayar da amfanin gona ko shanu ya biya kujera, ya halarci bitar da ta sawwaƙa, a kira shi sansani ya kwana biyu ko uku yana jiran jirgi a kan tabarma, ga yunwa ga rashin barci. Sannan a zuba shi cikin jirgi a yi masa bayanin tsaro da Turanci da Larabci. Bafulatanar da ko Hausa ba ta ishe ta ba, me ta ji? Idan ta miƙe lokacin da bai dace ba sai a ce ba ta da tarbiyya. Wallahi wannan na ci mini rai.

Ummin_Sama: Baba Alhaji ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na taɓa samun wata dattijuwa tsaye a ƙofar banɗaki ta daɗe, ta ƙi shiga. Da na yi mata Hausa sai ta riƙe hannuna gam. Ashe ta ji ƙarar da yake yi idan an danna, wannan zuƙar mai ƙarfi, ta ɗauka zai iya janye mutum. Tun daga gida ta ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama ta, leɓɓanta duk sun bushe. Na shiga da ita na nuna mata yadda ake kulle ƙofa, na danna a gabanta ta gani, na tsaya a waje har ta fito. Abokan aikina da ba sa jin Hausa sun wuce ta ba sau ɗaya ba, suna zaton layi take bi.

Issoufou_Maradi: Gaskiya ne Hajiya. Mu nan Nijar ma haka abin yake, sai dai namu da Faransanci ake yi. Tsoho ya taso daga ƙauyen Tawa ko Damagaram ya zo Yamai, ba ya jin ko kalma ɗaya. In da za a sa mai Hausa da mai Zabarmanci cikin kowane jirgin alhazai, da rabin abin da ake kira rashin ɗa'a ya kau.

Maman_Khalifa: To amma maganar jiƙa banɗaki fa? Wannan kam ba za mu ce ba mu ba ne. Ka shiga bayan awa biyu da tashi ka tarar da ruwa har bakin ƙofa.

Sadiq_Kabin: Mu ne, amma ba mu kaɗai ba. Duk hanyar da Musulmi suka yi yawa haka ne, Dhaka, Karachi, Alƙahira, Jakarta ma. Mutum na son tsarki da ruwa, yana son alwala, wurin kuma ba a gina shi don haka ba. Ruwan da ya zuba ba shi da mafita, santsi yake zama, kuma yana lalata ƙasan jirgin. Mukan shimfiɗa tawul ɗin takarda mu riƙa leƙawa a kai a kai.

Malam_Nasiru: Ga masu wannan damuwar, addini ya yi sauƙi. Matafiyi na da damar yin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i. Wanda ya yi alwala a filin jirgi ya sa safa mai kauri ko huffi, malamai da dama sun ba shi damar shafa a kai ba sai ya ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu ba. Wankewa sau ɗaya-ɗaya ma ta wadatar. Kuma tare hanyar da ma'aikata ke bi, ko tsayawa a bakin ƙofar gaggawa a tada salla bayan an hana, cutar da mutane ne. A tambayi ma'aikaci inda ya dace, wasu jiragen Saudiyya ma suna da wurin salla a baya.

Hauwa_Accra: Ni abin da nake so in ji shi ne canjin kujera. Ina tafiya ni kaɗai sau da yawa, kuma kusan kullum ni ake cewa in tashi saboda wani ba ya son zama kusa da mace. Na biya kuɗin kujerar taga, me ya sa ba shi zai tashi ba?

Ummin_Sama: 'Yar'uwa, haƙƙinki ne ki ce a'a. Wannan ma ba na mutanenmu kaɗai ba ne. Yahudawa masu tsananin riƙo da addini suna yin haka, har wata dattijuwa ta kai kamfanin jiragen Isra'ila, El Al, kotu, kuma a 2017 kotu a birnin Ƙudus ta yanke cewa ma'aikata ba su da hurumin neman mace ta tashi saboda jinsinta. Ni yadda nake yi, wanda ke da buƙatar shi nake nema wa wani wuri. Sau da yawa ma mata ne ke roƙo na in raba su da maza, kuma ina yi da farin ciki in akwai hali.

Dan_Kwari_Guangzhou: Duk kun bar manyan masu laifi. Talaka in an ce zauna zai zauna. Masu "kin san ko ni wane ne?" fa?

Sadiq_Kabin: Alhaji ka gama magana. Wannan ƙabila ce mai zaman kanta, kuma tana kowace ƙasa. Koriya ta Kudu da ake yabo da ladabi, a can ne 'yar shugaban kamfanin Korean Air, tana mataimakiyar shugaba a lokacin, ta sa jirgi ya koma bakin ƙofa a New York a Disambar 2014 aka sauke shugaban ma'aikata, saboda an kawo mata 'ya'yan macadamia a leda ba a faranti ba. Sai da ta yi zaman gidan yari a kan haka. A hanyarmu kuma mai muƙami zai shigo da waya a kunne, ka roƙe shi ya kashe, ya dube ka sama da ƙasa. Yaransa na baya su ma su ɗauka dokar ba ta hau kansu ba.

Barista_Hadiza: A sani dai umarnin ma'aikacin jirgi a kan tsaro umarnin kyaftin ne, kuma doka na bayansa tun yarjejeniyar Tokyo ta 1963. Gyaran da aka yi mata a Montreal a 2014 ya ba ƙasar da jirgi ya sauka ikon hukunta mai tada fitina ko da jirgin na wata ƙasa ne. Najeriya ce ƙasa ta 22 da ta amince da shi, wanda hakan ya cika adadin da ake buƙata ya fara aiki a Janairun 2020. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta ce a 2022 an samu rahoton fitina ɗaya a cikin kowace tafiya 568, kuma kan gaba a laifukan akwai ƙin bin umarni, zagi da maye.

Abu_Hanifa_Fagge: Na ƙaru ƙwarai, Allah Ya saka. Amma Anti Ummi, har yanzu ina son amsa kai tsaye. In aka rufe miki takardar sunayen fasinjoji, za ki iya faɗin inda jirgi ya nufa daga halin mutanen ciki?

Ummin_Sama: Jirgi gaba ɗaya, zan iya, kafin ma a rufe ƙofa. Mutum ɗaya shi kaɗai, ba zan iya ba. Fasinjan da ya fi kowa natsuwa da na taɓa ɗauka wani dattijo ne ɗan Katsina, wanda ya fi ba ni wahala kuma daga ƙasar da kowa ke yabo ya fito.

Zainab_Lecturer: To kin ga ke nan hanya kike ganewa.

Injiniya_Auwal: Hanyar ai mutane ne a cikinta Malama. In ba al'ada ba, me ya sa jirgin Osaka ta Japan ba ya kama da na Alƙahira, alhali duka akwai 'yan kasuwa da ɗalibai da masu shiga karon farko?

Alhajin_Bita: Ku ci gaba da wannan. Ni dai Hajiya Ummi da Malam Sadiq, in za ku iya ku naɗa mana gajeren bayani da Hausa a waya, yadda ake ɗaura bel, yadda ake buɗe banɗaki da kulle shi, da dalilin da ya sa ba a miƙewa sai fitila ta mutu, zan kunna wa maniyyatanmu a bita mai zuwa. Issoufou, kai ma sai ka samo mana mai juya shi zuwa Zabarmanci.

Issoufou_Maradi: In sun turo, akwai wanda zai yi shi nan Yamai. A sa da maganar shan ruwa, tsofaffinmu da yawa na yin abin da waccan dattijuwar ta yi.